Casa'in a Bayan Takarda

Shekara goma sha tara ta yi a ofis ɗaya, wani ɗan ɗaki da aka matse tsakanin ofishin Shugabar makaranta da ɗakin malamai. Taga ɗaya, kabad uku na ƙarfe, teburi mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohon littafi, sai fankar da ta fi iya kuka a kan kawo iska. Ita ba malama ba ce, akawun sakamako ce. Duk makin da wani malami ya ba wani yaro a makarantar nan, sai ya bi ta hannunta kafin ya isa gaban iyaye. Yara suna kiranta Jan Biro, don duk wanda ya faɗi da ja take rubuta makinsa, kuma ba a taɓa jin ta goge ja ta mayar da shi shuɗi don wani ya yi kuka ba. Tun tana ɓata rai da sunan har ta saba, har ya kai ga malamai ma in suna nemanta sai su ce ina Jan Biro.

Ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Mace ce mai dariya in ta samu abin dariya, kuma akwai alewa a aljihun teburinta don 'yan aji ɗaya masu ɓata hanya. Amma in aka zo kan lamba, to ba sani ba sabo. An yi wani uba da ya zo da kwalin turare, ya koma da abinsa. An yi wata malama da ta ce a cike wa ɗan ƙanwarta maki biyu, suka yi shekara ba sa gaisawa. Kowane yaro a makarantar yana da lambar rajista, ita kuwa ta haddace su kaf. Ka faɗi lamba ta gaya maka yaron, ajinsa, da sau nawa ya makara a zangon nan.

Bana aka kawo kwamfuta da manhajar haɗa sakamako. Mutane suka zuba ido su ga yadda tsohuwar hannu za ta kwashe da sabon abu, wasu har da yi mata jaje tun kafin a yi rashin. Ta ba su kunya. Mutumin kamfanin da ya kawo manhajar ya zauna da ita kwana biyu, ta cika littafi guda da tambayoyi, a rana ta uku ita ce ke nuna masa inda ya tsallake. Aikin ba wuya in an gane shi. Kowane darasi ana gaya wa manhajar abu biyu: a kan nawa aka yi kowace jarrabawa, da kuma nauyin da za ta ɗauka cikin ɗari. Taron malamai ya riga ya yanke nauyin: aikin gida kashi goma, gwajin tsakiyar zango kashi talatin, babbar jarrabawa kashi sittin. Ita ta buga wasiƙar da aka aika wa iyaye da wannan bayani. A akwatin da ke tambayar a kan nawa aka yi babbar jarrabawa kuwa, ta sa ɗari ga kowa, don haka aka ce kowane malami ya yi.

Abin da ya sa kowa ya ɗaga kunne bana shi ne ajin kimiyya. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar kujera talatin yake ɗauka, ba ƙari, ga 'yan aji uku su tamanin da huɗu a gida biyu, A da B, kusan kowa yana so. Aka ce za a haɗa makin lissafi da na kimiyya, a jera, talatin na sama su shiga. Cikin tamanin da huɗun nan akwai 'yarta ta ƙarshe, Auta, a gidan A. Yarinyar tun tana ƙarama take cewa ita aikin haɗa magunguna za ta yi, ta sha ƙona tukwanen gidan da gwaje-gwajenta, kuma zangon nan duka ba ta san hutu ba.

Ranar Laraba manhajar ta fitar da jerin. Jan Biro ta fara dubawa daga ƙasa, ta ga Auta a ta ashirin da takwas. Shugaba ta duba, ta sa hannu, ta danna amincewa, manhajar ta kulle yadda ba mai iya canza komai sai da lambar sirrin Shugaba. Aka ce ranar Juma'a da ƙarfe goma za a manna a allon sanarwa.

A nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha tara. Da ta koma gida, ta tarar da maigidanta a tsakar gida yana fama da bayan wani firji, don gyaran firji ne sana'arsa, sai daɗi ya fi ƙarfin bakinta. Ta sunkuya ta raɗa masa, ta ce ya riƙe a cikinsa har jibi. Mutumin da ko kyankyaso ya gani a cikin firji sai layi ya ji labari! Kafin a gama abincin yamma Auta ta ji, yayyenta biyu sun ji ta waya, matar maƙwabci ta leƙo da barka. Baki shi ke yanka wuya.

Ranar Alhamis da hantsi ta zauna aikin da manhaja ba ta hana ta ba, wato adana takardun da malamai suka kawo makinsu a kai. Tana huda su tana sa wa a fayil, aji aji. Da ta zo kan takardar lissafi ta gidan B, sai ta juya ta don ta daidaita bakin, idonta ya faɗa kan wani abu a kusurwar ƙasa ta baya. Casa'in, da fensir, an zagaye shi.

Ta san hannun. Malam Fensir ne, tsohon malamin lissafi na gidan B, wanda ya riga kowa zuwa makarantar, bai taɓa rubutu da biro ba kuma ya rantse ba zai taɓa kwamfuta ba har ya ajiye aiki. Ɗabi'arsa ce tun da can, in ya yi jarrabawa a kan wani abu da ba ɗari ba, ba ya faɗa, ba ya rubutawa a gaba. Sai ya juya takardar ya sa lambar a baya ya zagaye. A zamanin da ake shigar da maki a babban littafi ba ta taɓa ɗaukar takardarsa ba ta juya ba, hannunta da kansa yake juyawa. Bana idonta na kan allon kwamfuta, hannunta na kan madannai, ta kwashe makin gaba ta wuce.

Ta ninke takardar ta fita, ta same shi a gindin bishiyar da ke bayan ɗakin malamai yana feƙe fensir da reza.

"Baba Malam, barka da hutawa. Jarrabawar gidan B, a kan nawa ka yi ta?"

"Casa'in mana," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Tambaya ta shida ba ta fito ba a takardunsu, tawada ta ƙare a injin. Na ce su tsallake ta. Ai na sa miki a baya."

"Na gani."

"To. Ni da ke ai ba sai an yi magana ba, 'yata. Shekara nawa kina karanta hannuna? Shi ya sa ko jerin ban tsaya dubawa ba. Na ce tunda Jan Biro ce, an gama." Ya hure kan fensirin. "Akwai wani abu ne?"

"Babu, Baba Malam. Ina dai tabbatarwa ne."

Ƙarya ta farko ke nan da ta yi a kan maki. Ta koma ofis ta tura ƙofa.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Yaron gidan B da ya ci saba'in da biyu a kan casa'in, tamanin ya ci cikin ɗari. Ita kuwa ta gaya wa manhajar a kan ɗari ne, manhajar ta bar shi da saba'in da biyunsa. Yara arba'in da biyu, kowa an yanke masa wani abu, ba da laifinsa ba, ba da laifin tsohon ba. Manhaja ba ta juya takarda. Abin da aka ba ta shi take tauna.

Akwai wani shafi a manhajar da mutumin kamfanin ya nuna mata, shafin gwaji, inda za ka canza duk abin da kake so ka ga yadda zai fito ba tare da ka taɓa na gaskiyar ba. Ta buɗe shi. Ta je lissafi, gidan B, ta goge ɗari ta sa casa'in. Ta daɗe yatsanta na kan madannin kafin ta danna.

Jerin ya motsa. 'Yan gidan B suka yi ta hawa. Ta bi da yatsa, ashirin da takwas, ba ita ba. Ashirin da tara. Talatin. Ga layin da manhajar ke ja a ƙarƙashin na talatin, ga Auta a ƙarƙashin layin, ta talatin da ɗaya. Yara uku na gidan B sun tsallake ta.

Ta sake yi sau biyu, kamar dai kwamfuta za ta ji tausayi ta canza magana. Ta ɗauko takarda ta yi da hannu, ya fito daidai. Allura ta tono garma.

Wa ya sani? Ta zauna ta ƙirga. Tsohon ya ɗauka ta gyara. Shugaba ta sa hannu, kuma ba ta san akwai wani casa'in ba. Yaran gidan B sun san malaminsu da rowar maki, in sun ga abin ya yi ƙasa za su zage shi a ciki su yi shiru. Takardar in ta shiga fayil, fayil ya shiga kabad, to sai dai gara ta karanta. Abin da ake buƙata kawai shi ne ta huda takardar nan kamar sauran.

Ba ta huda ba. Ta tashi ta ƙwanƙwasa ofishin Shugaba, sai sakatariya ta ce ai Shugaba ta tafi taro, sai gobe da safe. Wallahi ta ji sanyi a ranta da jin haka, kuma ta ji kunyar sanyin.

Da ta dawo, shafin gwaji na nan a buɗe. Shaiɗan ba ya zuwa da ƙaho, da lissafi ya zo mata. Idonta ya sauka a kan akwatunan nauyi, goma, talatin, sittin. Auta ba ta taɓa fashin aikin gida ba, yaya za ta yi fashi uwarta na zaune a kanta? Makinta na aikin gida kusan cikakke ne. Jan Biro ta ce bari dai ta gani, gani ai ba laifi ba ne. Ta mai da aikin gida sha biyar, jarrabawa hamsin da biyar. Auta na nan a talatin da ɗaya. Ta mai da aikin gida ashirin, jarrabawa hamsin. Jerin ya girgiza, Auta ta hau saman layin, ta talatin cif.

Ta rufe shafin da sauri kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Amma ta riga ta gani. Gobe za ta iya gaya wa Shugaba gaskiyar casa'in, a buɗe mata manhajar, ta gyara, gidan B su samu haƙƙinsu. In a cikin gyaran akwatu biyu suka canza, wa zai lura? Shugaba ba ta taɓa leƙa shafin nauyi ba, jeri kawai take dubawa. Iyaye kuwa ba a ba su makin a rarrabe, jimilla ake ba su.

A gida ta tarar da Auta ta baje littattafan yayarta na kimiyya a tabarma tana goge musu ƙura, tana waƙa. Tana ganin uwar ta taso ta karɓi jakarta.

"Mama, gobe zan yi kamar ban sani ba. Kin ga, haka zan yi." Ta buɗe baki ta dafe ƙirji, ta zaro ido. "Ya yi? Ko ya yi yawa?"

"Ya yi," in ji uwar. "Je ki ɗora ruwan shayi."

Da yarinyar ta shiga kicin, ta ja kujera kusa da maigidan, wanda yau ma kansa ke cikin wani firjin.

"Madam Akawu, yau fuskar ba kyau. Ko kwamfutar ce ta ce za ta aure ki?"

"Ajiye abin nan ka ji."

Ta gaya masa a hankali, daga fensir har layin. Yana ji yana goge hannu da tsumma, har hannun ya bushe bai daina gogewa ba.

"Wa ya gani?" ya ce.

"Ni."

"Bayan ke."

"Babu."

Ya dubi ƙofar kicin. "Na gaya wa yayana. Na gaya wa mutanen shago. Yarinyar nan jiya ko barci..." Ya ajiye tsumman. "Ba wata hanya?"

Da ta sani da ta ce babu. Amma ba ta iya yi masa ƙarya, sai ta gaya masa zancen goma da ashirin. Fuskarsa ta washe nan take.

"To ai shi ke nan! Wannan ai ba sata ba ce, lissafi ne. Wa ya ce dole sai goma? Saukar da shi aka yi daga sama? Mutane ne suka zauna suka yanke, da sun ce ashirin da ashirin ne."

"Amma goma suka ce. Ni na buga wasiƙar."

"Kuma in ta hau, wani ne zai sauka?"

"Kujera talatin ce."

"Wa?"

"Ban duba ba."

Ya daɗe yana kallonta. Shekara ashirin da shida suna tare, ya san ba ta taɓa barin layi ba ta karanta ba. Ya tsugunna ya ɗauki sukundireba, ya juya ta a hannu, ya ajiye.

"Ni in na ɗaure waya ba daidai ba, wata guda firji zai tona ni, mai shi ya zo ya zage ni, a wuce wurin. Ke naki ba mai tonawa. Ban san wanne ya fi sauƙi ba." Ya sauke murya. "'Yata ce, ina so ta shiga. Ba zan ɓoye miki ba, in da ni ne da na danna. Amma ba ni ne zan koma ofishin nan gobe in zauna ba. Duk abin da kika yi, ba za ki ji daga bakina ba."

Auta ta fito da shayi, ta zuba wa uban, ta zuba wa uwar, tana ta zuba surutu a kan wace kujera za ta zaɓa a ɗakin gwaje-gwaje, ita dai ta kusa da taga. Shayin uwar ya huce a kofi.

Ranar Juma'a ƙarfe takwas saura ta riga Shugaba isa. Shugaba mace ce mai sauri, kullum da waya a kunne da makullai a hannu. Jan Biro ta ajiye mata takardar a kife, ta nuna fensirin, ta yi bayani a jimla huɗu ba tare da ta kare kanta ba.

"Ke?" in ji Shugaba. "Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"To, ruwa ma yakan ci gwani. Yara nawa zai taɓa?"

"Uku za su shiga, uku za su fita."

"Gara da ba mu manna ba, da yau iyaye sun cinye mu ɗanye." Ta biyo ta ofis, ta sunkuya a kan madannai ta buga lambar sirrinta, ta miƙe. "Ga shi na buɗe. Ki gyara, ki buga, ki kawo in sa hannu kafin goma. Ina da baƙi." Ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Auta fa? Tana ciki dai ko?"

"Zan kawo miki jerin, ranki ya daɗe."

Wayar Shugaba ta yi ƙara, ta fita tana amsawa. Ƙofa ta rufe.

Ƙarfe takwas da kwata. A waje yara na shiga aji, ana jin jan kujeru. Ta je lissafi, gidan B, ta goge ɗari ta sa casa'in. Wannan bai ɗauki minti ɗaya ba. Sai ta zauna tana kallon akwatunan nan uku.

Wanzami ba ya son jarfa. Yara nawa ta rubuta wa ja a ɗakin nan, iyayensu na tsaye a bakin taga suna roƙo, tana cewa ba ita ta yi makin ba, ita dai rubutawa take? Yau ga nata a gabanta, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, Auta ba ta yi laifin komai ba. Da ta juya takardar tun ranar Litinin, da yarinyar ta ga talatin da ɗaya ta yi kukanta ta share. Ita ce ta ɗora ta sama, ita ce kuma za ta janye tsanin.

Ta ɗauko rula mai faɗi ta jingina a allon kwamfutar, daidai kan layin sunaye, don kada ta ga kowa. Ta danna akwatin farko, ta goge goma, ta sa ashirin. Ta goge sittin, ta sa hamsin. Wannan karon ba shafin gwaji ba ne. Manhajar ta nuna sabon jerin, ta tambaya ko a adana.

Rula ta rufe sunaye, amma ba ta rufe lambobin rajista ba. A ta talatin ga lambar Auta. A ƙarƙashin layin, ta talatin da ɗaya, biyu biyu huɗu shida.

Ba ta so ta sani ba, amma kanta bai nemi izininta ba. Gidan B, doguwar yarinya mai rubutu da hagu. Ta makara sau goma sha ɗaya a zangon nan, don sai ta kai ƙannenta uku makarantarsu kafin ta taho. Aikin gidanta rabi da rabi ne, wani a tsaye take yinsa a bakin aji. Babbar jarrabawar lissafi kuwa ta ci tamanin da ɗaya a kan casa'in. Sau ɗaya ta taɓa shigowa ofishin nan, neman allura da zare don jakarta ta yage, ta dawo da allurar washegari a soke a jikin takarda.

Jan Biro ta kifa kanta a kan teburin. Ta yi kuka, ba mai sauti ba, irin wanda ke sa haƙarƙari ciwo. Ta ji haushin tsohon da fensirinsa, ta ji haushin injin da tawadarsa ta ƙare, ta ji haushin yarinyar da ta dawo da allura. Da ta ɗago, tambayar na nan a allo tana jiranta. Ta danna a'a. Ta mai da goma, ta mai da sittin, ta duba sau uku, ta adana. Ta cire rular.

Firinta ta ja takardar a hankali. Shugaba na tsakiyar baƙi, ta karɓa ta duba sama sama, biro a hannu, sai ta tsaya a ƙasan shafin. Ta ɗago ta dubi akawunta. Ta sa hannu.

Ƙarfe tara da rabi Jan Biro ta tsaya a ƙofar gidan A ta nemi malamin ya ba ta Auta. Yarinyar ta fito tana danne murmushi, ta ɗauka wani albishir ne kuma. Uwar ta kai ta ofis, ta rufe ƙofa, ta ba ta kujerarta ita ta tsaya. Ta ajiye mata takardar tsohon a kife, da sabon jerin a gefe. Ta gaya mata komai, har zancen goma da ashirin, don ta ga in ta ɓoye wannan to rabin gaskiya ta faɗa.

Auta ta bi jerin da yatsa har ƙasan layin. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi sauƙi.

"Da ba ki juya takardar ba fa?"

"Da kin shiga."

"Wa ya sani bayan ke?"

"Babanki. Jiya na gaya masa."

"Jiya." Ta gyaɗa kai. "Ina zuba muku shayi kuna kallona."

"Auta, laifina ne tun daga farko. Ni na yi kuskuren, ni kuma na yi saurin baki. Ke ba ki..."

"Da maki nawa?"

"Bai kai rabin maki ba."

Yarinyar ta tashi, ta gyara kujerar ta mayar da ita ƙarƙashin teburi yadda ta same ta. Ta kama hannun ƙofa, ba ta juyo ba.

"Ban ce kin yi laifi ba, Mama. Na san da kin danna, da ban taɓa sani ba. Amma don Allah yau kada ki yi mini magana."

Ta fita. Uwar ta ji takunta har ƙarshen baranda, ba gudu, ba sauri.

Goma saura biyar ta ɗauki jerin da ƙusoshin manna takarda guda huɗu. Iyaye sun fara taruwa a gaban allon, yara na leƙe ta tagogi. Suka dare suka ba ta hanya. Ta daidaita takardar, ta danna ƙusa a kowace kusurwa, ta uku ta suɓuce ta faɗi, wani uba ya ɗauko ya miƙa mata. Tana juyawa aka rufe allon da kawuna. A bayanta ta ji wata yarinya ta ƙwalla ihun murna, ta kuma san muryar, ta mai allurar nan ce. Ba ta waiwaya ba, ta bi baranda ta wuce ƙofar gidan A, inda Auta ke zaune ita kaɗai a aji, kanta a sunkuye, tana kwashe littattafan yayarta daga jaka tana jerawa a ƙarƙashin benci.